Kuskuren Mai Awo

Ni ma'auni ne. Gero, dawa, wake, wani lokacin masara, su nake aunawa a kasuwar Kurfi tun ina riƙe wa mahaifina bakin buhu. Tiyar da nake awo da ita tasa ce. Ta yi baƙi, bakinta ya sha hannu har yana sheƙi, amma gindinta sumul yake. Wanda ya san kasuwa ya san abin da nake nufi. Maha'inci yakan doki gindin tiya da dutse ya lotsa ciki, sai ta riƙa cin ƙasa da abin da ido ke gani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, abu ɗaya ya dasa mini kafin ya bar ni in auna wa mutum: awo ba ya cika sai ya yi tozo. A zuba har hatsi ya tsaya a kan tiya kamar tozon sa, ya fara gangarowa da kansa, sannan a juye, a ɗebi gyara da tafin hannu a ƙara. Yakan ce wanda ya shafe bakin tiya ya shafe albarkar kasuwarsa.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci furfura ta riga ta kama gemuna. Na yi karatun allo, ajami ba ya ba ni wahala, boko ne ban taɓa kusanta ba. Wayar hannu ce ta kora ni can. Na gaji da miƙa wa mutane ita su duba mini wanda ya kira. Ajin a wata firamare yake, bayan la'asar, a kan bencin yara, gwiwa na taɓa ƙirji. Ni ne na baya a fahimta. Harafin b da d sun daɗe suna yi mini wasan ɓuya, in na kama wannan sai ya zama wancan. Bai dame ni ba. Mai awo ba ya sauri.

Malaminmu saurayi ne daga Dutsin-Ma. Da safe yana koyar da ilimin sinadarai a wata sakandare a can, da yamma ya hau babur ya zo mana. Dukanmu Baba yake ce mana. A cikin ajin akwai taubashina, ɗan kawuna, mai shayin da ke bakin shiga kasuwa. Tsakanina da shi wasa ne tun muna tsirara, kuma bakinsa ba ya da murfi.

Wata Asabar cikin damina Malam ya ce tunda mun iya rubuta lambobi, zai kai mu makarantarsu mu ga inda lissafi yake aiki. Muka cika mota ɗaya zuwa Dutsin-Ma, kowa da rigarsa ta Juma'a. Ɗakin gwaje-gwajen dogo ne, da tebura masu famfo a jiki amma babu ruwa a ciki, sai jarkoki a ƙasa. Kwalabe jere a kan kanta, wasu da hoton ƙoƙon kai. Malam ya ce kada wanda ya taɓa su, namu aikin da gishirin miya ne kawai.

Ya ba kowa kofin gilashi mai zane-zane a jiki, da ƙaramin cokali, da siririyar sandar gilashi ta juyawa. A zuba ruwa zuwa zanen ɗari. A sa gishiri cokali ɗaya, a juya har ya ɓace, a ja layi ɗaya a takarda. A ci gaba haka har ruwan ya ƙi karɓa. Ya ce ruwa ma yana ƙoshi kamar mutum, mu kuma muna son sanin cokali nawa ke ƙosar da shi. Ya yi guda ɗaya a gabanmu. Na ga lokacin da ya ɗebo gishirin ya bi kan cokalin da rula ya share. Na gani da idona. A raina na ce gishirin makaranta ne, dole ana tsimi. Abin da ya fito daga bakinsa dai shi ne, kowa ya cika cokalinsa. Ni kuwa cika ɗaya na sani.

Na ɗebo, na tayar masa da tozo mai kyau, na tare gefe da yatsa kada ya zube. Na farko ya narke nan da nan. Na biyu ya ɗan ja. Na uku na daɗe ina juyawa kafin ƙasan kofin ya washe. Na huɗu ya kwanta fari fat, na juya har kafaɗata ta yi tsami, ko gezau. Na ƙirga layukana, uku. Na rubuta lambar da kyau, na ji daɗin yadda ta fito.

Malam ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a allo. Wannan shida, wancan shida, wani biyar. Taubashina ya ce bakwai. Da aka ɗaga kofinsa sai ga gishiri kwance a ƙasa, bai jira ya narke ba yake ƙarawa, kamar yadda yake yi wa mutane da sukari a shayi. Aka yi dariya. Da aka zo kaina na ce uku.

Malam ya ce abin da aka sani yana kusa da shida, kuma darasin yau ke nan: a gano abin da ya sa amsoshi suka bambanta. Ya rubuta a sama, dalilan kuskure. Ya riƙa tambaya muna faɗa yana rubutawa. Gishirin damina ya sha raɓa, ya riga ya ɗauki ruwa a jikinsa. Wani ya duba zanen kofin daga sama maimakon ya sunkuya ya daidaita ido da shi, ruwansa ya wuce. Wani ya yi gaggawa. Wani gishirinsa ya zube a bakin kofi ya ƙirga shi kamar ya shiga. Sannan ya zo teburina ya ce, Baba, ɗebo mini ɗaya in gani. Na ɗebo kamar yadda na saba. Ajin ya kwashe da dariya, shi ma ya murmusa, ya ce ai wannan cokali biyu ne a cikin ɗaya. Ya koma allo ya ƙara layi.

Tun da na shiga ajin, ranar na fara karanta abu a allo kafin Malam ya furta shi. Na bi haruffan a hankali, ina haɗawa a baki. Kuskuren mai awo.

Na san abin da yake nufi. A ɗakin nan duk wanda ya riƙe cokali mai awo ne, ko tela ne ko ɗan acaɓa. Amma a cikinmu mutum ɗaya ne ake kira da wannan suna a gari. Taubashina ya tafa hannu ya ce yau dai gwamnati ta tabbatar.

Ranar kasuwa da ta biyo baya na shimfiɗa buhunana kamar kullum. Ban san labarin ya riga ni ba. A teburin shayi ya fara, da wasa, da kwaikwayon yadda nake tare cokali da yatsa. Kafin azahar ya canza kaya. Abin da ya iso rumfarmu shi ne, an kai ni Dutsin-Ma, an gwada awona da na'ura, an sami kuskure, har an rubuta a allo. Babu wanda ya tambaya wane irin kuskure. In aka ce awon ma'auni ba daidai ba ne, hanya ɗaya zuciyar mutane ke bi.

Shugaban ma'auna ya zo da kansa. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan bana, sannan ya ce in ara masa tiyata ya ga wani abu. Ya kife ta, ya shafa gindinta da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya miƙo mini ya ce lafiyarta lau. Ai na san lafiyarta lau. Amma an riga an kife tiyar mahaifina a gaban jama'a, abin da ba a taɓa yi ba yana raye.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Hajiya mai fura. Tsohuwa ce daga Wurma, tun zamanin mahaifina a wurinmu take sayen gero, ba ta ko kallon tiya in ana auna mata, hira take yi. Ranar ta zo, ta amsa gaisuwata ba ta tsaya ba, ta wuce wurin maƙwabcina ta buɗe buhunta.

Mai ɗakina ta ce in bar ajin nan, bokon da bai kawo mini komai ba sai tonon silili. Ta ce in je in sami taubashin nawa in nuna masa iyakarsa. Na ce mata wasan taubashi ba shi da alƙali, in na kai ƙara ni za a yi wa dariya ta biyu. Ajin kuma in na bari, cewa za a yi an kama shi ya gudu. Ba inda za ni. Sai dai kafin in buɗe baki a gaban kowa, ina so in san ko Malam na da gaskiya.

Na sami gwangwanin madara, na ja masa zane da ƙusa daga ciki. Na ɗauki cokalin shayi na gida da tsinken tsintsiya. Duk safiya bayan na dawo daga masallaci sai in zauna a tsakar gida in yi ta gwadawa. Karon farko da na bi kan cokali da tsinke, hannuna ya tsaya da kansa, kamar na ji tarin mahaifina a bayana. Na daure na share.

Abubuwa da yawa na gani. Gishirin buhu mai gwangwaɗa-gwangwaɗa ya bar wani abu a ƙasa da ya ƙi narkewa tun a cokali na biyu. Na juya har mai ɗakina ta ce zan huda gwangwanin. Da na ɗebo na sa a haƙori sai na ji yashi ne. Da ban ɗanɗana ba, da na ce ruwan ya ƙoshi alhali da yunwarsa. Gishirin da ya kwana a buɗe ya dunƙule, ya manne wa cokali, rabinsa ba ya faɗawa sai an kaɗa. Na je gaida ƙanwata a Ɗantutture na ɗebo ruwan rijiyarsu mai zartsi, sai na ga kamar ya fi na randarmu saurin ƙoshi, ko da yake wannan ba zan rantse ba. Ruwan gishirin da nake tarawa kuwa awaki suka ji daɗinsa, ana yayyafa musu a dusa.

In na share cokali, amsar ba ta yin nisa da ta jiya. In na yi tozo, yau wannan gobe wancan, don jiƙaƙƙen gishiri yana hawa sama ya tsaya, busasshe kuwa da wuri yake gangarowa. Tozo ba shi da iyaka tsayayya. Wannan ya zauna mini a ciki, don ko a kasuwa na san tozon wake daban da na gero, ban dai taɓa tsayawa na kalle shi ta nan ba. Malam yana da gaskiya. Wanda yake son sanin cikin ruwa dole ya share cokali. Na yi kuskure, na yarda. Abin da ban yarda ba shi ne a bar maganar rabi.

Da muka koma aji na bari ya gama kiran suna, na miƙe tsaye daga bencin yaran nan.

Na ce, “Malam, kuskuren nan nawa na Dutsin-Ma, sama ya yi ko ƙasa?”

Ya ce, “Baba, a wurinmu duk ɗaya ne. Ka ƙara, ka rage, amsa ta karkace.”

Na ce, “A wurinku ke nan. A wurinmu wanda ya rage har wa'azi ake yi a kansa a masallaci. Wanda ya ƙara, addu'a ake yi masa.”

Bai san abin da ya faru a kasuwa ba. Wani dattijo a ajin ya ba shi labari, taubashina yana ta kallon rufin ɗaki kamar yana ƙirga kwano. Malam ya ajiye alli ya ce wallahi bai yi tunanin kalmar za ta fita ɗakin gwaji ba. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai zo da kansa ya yi wa mutane bayani. Amma ya ce kada in sa ran zai janye kalmar, don kuskure ne, kuma ko ɗansa ne ya yi haka zai rubuta.

Na ce masa ban roƙi a janye ba, kuma ba na so ya zo kasuwa. Sunan da sai wani ya zo ya wanke maka, gobe ma sai ka nemo shi. Abin da nake so a cika maganar. Ya ce haka ma ya kamata, a can makarantar duk ɗalibin da ya faɗi kuskure sai ya faɗi inda ya karkatar da amsa, sama ko ƙasa, darasin ne ba mu kai ba tukuna. Ya rubuta kalmomin nan uku a allo kamar yadda suke a Dutsin-Ma, ya miƙo mini allin.

Ban taɓa rubuta jimla a allo ba. Na daɗe a tsaye, alli na ƙara, gumi na bin bayana. Da na gama na ja da baya. Malam ya ce in karanta abin da na rubuta. Na karanta da ƙarfi: ya ƙara, bai rage ba. Taubashina ya ce ba haka yake gani ba, shi abin da yake gani a allo shi ne: ya ƙara, dai rage da. Na duba, ashe haruffan nan biyu, b da d, sun sake yi mini halinsu, duk cikinsu ya juya baya. Malam ya miƙo hannu zai gyara, na ce ya bari. Na goge da gefen hannun rigata na juyo da su.

Sai dai allo na firamare ne, kasuwa ba ta zuwa can. Ranar kasuwa da hantsi, lokacin da teburin shayi ya fi cika, na bar buhunana a ɗaure na tafi da ƙullin gishiri a aljihu. Na yi sallama, na ɗauki kofunan gilashi biyu a kan teburin ba tare da na tambaya ba, na zuba musu ruwa daidai wa daida, na ɗaga su kowa ya gani. Na ba taubashina ɗaya da cokali da tsinke. Na ce ya share nasa kamar yadda Malam ya koya mana, ni zan ɗiba irin nawa, jama'a su ƙirga.

Ya so ya mai da abin wasa, amma masu shan shayi sun riga sun juyo, har da wani direba da ya ce shi zai yi alƙalanci. Muka fara. Duk cokalin da zan zuba sai na ɗaga shi kusa da nasa. Ba sai an yi bayani ba, nasa kamar an aske masa kai, nawa da rawani. Ruwana ya ƙoshi tun shi yana rabin hanya. Na ce to wannan shi ne kuskuren da aka kama ni da shi a Dutsin-Ma, wanda yake da wani labarin ya kawo.

Direban ya ce ashe ƙari ne. Wani ya maimaita wa na bayansa. Taubashina ya ce, “To ai shi ma wauta ce. Mutum ya yi ta rabar da hatsinsa, Alhaji Mai Tozo.”

Na tura masa kofinsa na ce, “Kurɓi, ɗan kawu. Yau ne karon farko da abu ya narke duka a kofinka.”

Sunan ya bi ni har yau, kuma ina amsawa. Amma ba duk wanda ya ji labarin farko ne ya ji na biyu ba. Akwai waɗanda suka koma wurin wasu ma'auna ba su dawo ba, ban kuma bi su ba. Shugaban ma'auna kuwa, da ɗansa zai fara awo, wurina ya turo shi ya riƙe bakin buhu.

Bayan kaka Malam ya sake kai mu Dutsin-Ma. Wannan karon sukari ne, a ruwan sanyi da ruwan zafi, mu ga wanda ya fi ci. Na sunkuya na daidaita ido da zanen kofi. Na ɗauki rula na share kowane cokali, na jira kowanne ya narke. Amsata ta zauna tsakiyar ta mutane, ba wanda ya lura da ita. Abin da rular ke sharewa kuwa a tafin hannuna na riƙa tarewa, ban sani ba, sai da ya taru. Na tsaya riƙe da gyara babu wanda zan ba. Na mayar da shi gwangwanin sukarin.

Hajiya mai fura ta dawo lokacin da gero ya yi araha. Ta tsaya a gabana ta kwance wani ƙulli, sai ga tiya sabuwa fil, tata ta kanta. Ta ce da wannan za a auna mata. Maƙwabcina ya kalle ni yana jiran in ji haushi. Na auna da tawa, na juye a cikin tata a gabanta. Ta cika ta tumbatsa, geron ya gangaro kan tabarma. Ta kalla da kyau. Har yau da tiyarta take zuwa, ban taɓa cewa ta daina ba.

Tana ɗaure ƙullinta ta ce, “Na ji an ce a makarantar taku yanzu sharewa kake yi.”

Na ce, “A can ne, Hajiya. Nan kasuwa ce. Buɗe buhunki.”